Jan Zakara da Rawayar Takarda

Haƙoransa na fara gani. Yana tsugune a bakin ramin farar ƙasa da ke bayan garin Ƙanƙara, ya ɓalli ɗan guntu ya kai baki, yana gurza shi a haƙoran gaba, idanunsa a lumshe kamar mai sauraron kiɗa daga wani gari. Gajere ne, siriri, da malafar Fulani da ya saya a hanya, wadda ta yi masa yawa. Masu haƙa suka dakata da diga a hannu suna kallo, har ɗayansu ya ce a tambayi Baturen nan yaushe zai haihu, tun da mata masu juna biyu kaɗai muka sani da cin farar ƙasa. Aka yi dariya. Shi kuwa ya tofar, ya miƙe, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi:

"Babu yashi. Ƙasa mai kyau. Haihuwa kuma sai kaka, ku zo suna."

Daga ranar masu haƙa suka daina ce masa Bature. Ni ina zaune a inuwar tipata da littafi a hannu, na sa yatsa a shafin da na tsaya, na daɗe ina kallonsa. Ban san yayana nake kallo ba.

Shi ne Lam, wanda manyanku suka taso suka tarar a shagon ƙofar gida, kuna ce masa Baba Lam. Na ware masa wannan babi ne saboda abin da ya faru a bikin 'yar'uwarku Hadiza, lokacin da wata tsohuwa ta ce a cikin taron mata wai ai uban amarya shi ne wanda ya taɓa komawa tsafi, ya yanka jan zakara don mutanen Sin su ba shi arziki. Na ga yadda kuka wuni kuna kawar da ido daga nawa, kuma har yau babu wanda ya zo ya tambaye ni. To, zakara an yanka shi, ja ne kuma. Sauran maganar ita ce wannan.

Kun san asalinmu Maguzawa ne, daga wata 'yar unguwa a dajin da ke tsakanin Faskari da Sabuwa. Sunan da aka raɗa mini Nomau. Ubana ya rasu ina ƙarami, wansa Baba Jatau ya riƙe mu, kuma shi ne mai kula da tsafin gidanmu a gindin wata tsohuwar tsamiya. Da na tasa na fita yaron mota, na koyi tuƙi, na kuma koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci. A garin Ƙetare na musulunta a hannun Malam Ɗahiru. Shi ya sa mini Isiyaku, shi ya riƙe hannuna ya nuna mini yadda ake shafar kai a alwala, ya zaunar da ni a tabarmarsa a lokacin da wasu ba sa yarda su sha ruwa a moɗar da na sha. A gidansa kuma na ga 'yarsa Rakiya, har aka kai ga an karɓi kayana aka sa rana bayan kaka.

Sai na gaya muku irin saurayin da nake a lokacin, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. Ni ɗalibin ƙananan littattafan nan ne da ake kasawa a kan tabarma a kasuwa, kusa da masu turare da madubi. A cikinsu ba mai ciwon haƙori, ba mai neman itace. Kowa ko dai yana so, ko yana ramewa saboda so, aboki kuwa yakan ba da ransa don abokinsa ba tare da ya waiwaya ba. Na ɗauka haka duniya take, mu ne dai ba a iso da ita wajenmu ba tukuna. Nakan haddace kalmomi daga ciki, in je zance da la'asar in zuba wa Rakiya, ita tana ɓarar gyaɗa a faifai ba ta ko ɗago kai.

"Malam Isiyaku," ta kan ce, "wagga tauraruwar da kake ta faɗi, tana daka kuwa? In ba ta daka, to ba ni ba ce, ka sake duba adireshin."

Shekarun nan ne kuɗin man fetur ya fara malalowa har ƙauye. Rediyo ya shiga kowane zaure, amarya kuwa ba ta cika amarya ba sai an rufe mata bango da jeren kwanoni masu fure. Kamfanin da ke yin su a Kano na wasu mutanen Hong Kong ne, kuma farar ƙasarmu tana cikin haɗin da ake shafe kwano da shi kafin a gasa. Lam ke zuwa ya zaɓi ƙasar, ni in ɗauka da tipa, mu tafi tare. A can kuma shi ne mai zana furen. Na sha gaya masa cewa babu wani saurayi a ƙasar Hausa da ya shiga ɗakunan amare kamarsa, ya yi ta dariya har ya yi tari. Yana cin tuwo da sandunan kara biyu da ya fere da kansa. Abu biyu ne ban gane ba a tare da shi. Duk sanda za mu hau gada, sai ya yi tsit ya damƙe murfin ƙofa har sai mun haye. Sannan yana da wani gwangwani da ba ya rabuwa da shi, cike da rawayar takarda mai laushi da siraran sandunan turare.

Da damina ta yi tsakiya aka ce masa akwai wata farar ƙasar a wajen Sabuwa. Na ce mu bari sai ruwa ya ɗauke, ya ce masu kamfani ba su san damina ba. Muka tafi. Ƙasar ba ta da kyau, a dawowa kuma rafi ya cika ya cinye hanya, tipa ta nutse a laka har gindi. A nan zazzaɓi ya kama shi, kafin gari ya waye sau biyu idanunsa sun koma kalar rawaya. Asibiti yana ƙetaren ruwa. Unguwarmu ce kawai ke kusa, sai na goya shi har inda na sami jaki, na kai shi gidan Inna, mahaifiyata. Ta fito da muciya a hannu ta dube shi.

"Wanga ɗan wa ne?"

"Maigidana ne a wurin aiki, Inna."

"Ban tambaye ka mi yake maka ba. Uwarshi tana ina?"

"Ta rasu."

"To shimfiɗa mashi a ɗakina."

Ita ta yi jinyarsa da saiwoyin da ta sani da kunun tsamiya, tana ɗaga kansa a cinyarta tana yi masa faɗa da Hausar da rabinta ba ya ji. Baba Jatau yakan leƙo da fartanya a kafaɗa ya ce shi dai damuwarsa ɗaya, yadda za a gane ranar da shawara ta saki mutumin da Allah ya halitta da ita. A cikin zafin ciwon Lam yakan cafke wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba, yana kiran wata kalma, "Sailo, sailo," har sai yatsunsa sun bar mini shaida.

Sai da ya fara zama da kansa ya ba ni labari, wata rana da rana ana yayyafi, muna zaune a bakin ɗaki muna kallon ruwa yana sauka daga bunu. Ya ce shi mutumin Kanton ne, a kudancin ƙasar Sin, sailo kuma a harshensu ƙane ke nan. An yi yunwa a ƙasarsu, shi da ƙanensa suka yanke shawarar su yi iyo su haye wani yankin teku zuwa Hong Kong. Da suka yi nisa ƙanen ya gaji, Lam ya riƙe hannunsa yana ja da hannu ɗaya. Can sai ya ji hannun ba ya nan.

"Ban sani ba, Isiyaku. Ni na saki, ko shi ya saki. Kullum ina tambaya."

Ƙanen nan yake ƙona wa rawayar takardar. Ya ce a wurinsu mamaci yana bukatar nasa, wanda zai rufe shi, ya kuma riƙa zuwa yana share masa kabari duk shekara. Wanda ba shi da kowa yawo yake yi da yunwa, ba mai kiran sunansa. Ƙanensa ko kabari ba shi da shi. Shi kuma ba uwa, ba mata, ba ɗa, kuma a daren da ciwon ya fi tsanani abin da ya tsorata shi ba mutuwar ba ce, wanda zai rufe shi ne. Sannan ya ce:

"A wurinmu, mutum biyu ba ciki ɗaya ba, suna son zama wa da ƙane, akwai abin yi. Muna cewa zam gai tau, siu wong ji. A sare kan zakara, a ƙona rawayar takarda. Suna biyu a takarda ɗaya, hayaƙi ya kai sama, sama ta sani. Wanda ya ci amana, ya zama kamar zakaran. Kai ka goya ni. Uwarka ta ba ni kunu. Ina so ka zama sailo."

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta yi tsalle. Ga abin da nake karantawa ya biyo ni har ƙofar ɗakin Inna, da laka a ƙafarsa. Amma ban manta tabarmar Malam ba. Na ce masa na yarda, da sharaɗi. Ni zan yanka zakaran da wuƙa, in fuskanci alƙibla in yi bisimilla, ba sara ba. Ba zan sha jini ba, ba zan rusuna wa komai ba, kuma da Allah zan rantse. Ya gyaɗa kai.

"Kai da Allah, ni da sama. Takarda ɗaya."

Shi ya je maƙwabta ya zaɓo zakaran, ya dawo da shi a hammata yana murna, ja wur, domin a wurinsu ja ne launin alheri. Da na gani gabana ya ɗan faɗi, saboda jan zakara shi gidanmu ke yanka wa Kure, babban iskan tsafinmu. Ban so in ɓata masa murna ba. Na ga dai in muka yi nesa da tsamiya shi ke nan. Sai na kai mu gefen gonar Inna, kan wani ɗan tudu mai kaɗanya da ke kallon rafi. Da hantsi ne, rana ta fito bayan ruwa, dawa tana ta ƙyalli. Ya fitar da buroshin da yake zana fure, ya tambayi sunana da na ubana, ya rubuta su kusa da nasa daga sama zuwa ƙasa. Ya kafa turare a ƙasa. Na tsuguna na yanka. Ya yi maganarsa da harshensu, ya fassara mini: ba uwa ɗaya ta haife mu ba, amma daga yau abincinsa nawa ne, ciwona nasa ne, wanda ya rigaya ɗan'uwansa ne zai rufe shi. Ni ma na ce Allah ne shaida. Ya kunna takardar, ta naɗe, tokar ta tashi ta bi ta cikin ganyen kaɗanya. A madadin jini muka sha ruwan rafi a wani ɗan farin kwano mai jan fure ɗaya da yake yawo da shi na gwaji. Da muka gama ya goge shi da rigarsa ya miƙo mini.

"Ka kai wa Rakiya. Daga yayan miji."

Abin da ban sani ba shi ne Baba Jatau yana cikin dawarsa a ƙasan tudun. Ya ga hayaƙi, ya ga jajayen gashin zakara, ya ga ɗan ƙanensa da ya bar gida tsugune da wuƙa. Bai tambayi kowa ba. Kafin la'asar ya sa an buɗe tukunyar burkutu, ya kira dattawan unguwa. Da na shigo ya rungume ni, wannan tsohon da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da aka rufe ubana. Na ce Baba, ba yadda kake zato ba ne.

"Ba sai ka hwaɗa ba, Nomau. Kunya ce, na sani. Aradu da idona na gani. Ubanka yau ya yi barci."

Na yi ta bayani, yana ta shafa kaina. Ranar kasuwar 'Yankara ya sa rigarsa ta fita, ya bi rumfa rumfa yana gaya wa duk wanda ya sani cewa ɗansa ya dawo gida, har ya jawo wa Kure wani baƙo daga bayan teku. Ba da mugunta ya yi ba. Ina so ku riƙe wannan. Farin ciki ne ya yi masa yawa. Fatake kuwa daga Ƙetare suna cin wannan kasuwa.

Da hanya ta bushe aka ciro tipa, na mai da Lam Kano, na biya Ƙetare na aika wa Rakiya kwanon, na shiga masallaci sallar azahar. Da na tsaya a sahu, wanda ke damana ya janye ƙafarsa daga tawa. Na hagu ma haka. Na yi sallar a tsakiyar mutane ni kaɗai. Bayan an sallame Malam Ɗahiru ya kira ni zaure, ya saurare ni tun daga laka har toka, bai katse ni ba.

"Na yarda da kai, Isiyaku. Ni na koya maka yanka, na san hannunka. Amma ni kaɗai na ji wannan, gari kuwa ya ji na 'Yankara. Kuma ko ni, turaren nan da takardar nan ba su kwanta mani ba. Ga abin da za a yi. Ranar Juma'a bayan la'asar ka miƙe gaban jama'a ka ce ka warware rantsuwar, wannan mutum ba ɗan'uwanka ba ne, abokin aiki ne kawai. Ka yi kaffara, magana ta mutu. Rantsuwa tana da ƙofar fita, Allah ne ya yi mata."

"Malam, in na ce ban yi tsafi ba, bai isa ba?"

"Da kai ɗan Musulmi ne tun kaka, da ya isa. Kai ka san inda ka fito, su ma sun sani. Ba zan kai ɗiyata gidan da za a riƙa ce ma ɗiyanta ɗiyan mai zakara ba."

Da yamma na tsaya ƙofar gida, Rakiya ta fito ba faifai a hannunta. Na fara yi mata irin maganar da na saba, cewa so na gaskiya da wuta ake gwada shi. Ta ɗaga hannu.

"Yau kam ka aje littafin. Magana ce ba ta kai tsawon sallama ba, ka faɗe ta. Shi mutumen ai ba jin Hausar kirki yake ba, kuma yana Kano, wa zai kai mashi? Ka ci gaba da gaishe shi, ka kai mashi zuma, ba wanda ya hana ka."

"Na yi masa alkawari, Rakiya."

"Ni fa, mi ka yi mani? Ni ba cikin littafi nike ba, Malam Isiyaku. A garin ga zan je rijiya, a garin ga zan je suna. In ba ka faɗa ba, ba sai Baba ya ce komi ba, ni da bakina zan ce a maida maka kayanka."

Ba ta yi kuka ba. Ni ne na kusa. Kuma gaskiya ta faɗa, shi ya sa har yau ban taɓa ganin laifinta ba.

Kafin Juma'ar sai da na kai kaya Kano. Ban yi niyyar gaya wa Lam ba, amma ya dubi fuskata ya aje buroshi. Da ya ji komai ya daɗe yana kallon kwanonin da ke jere suna jiran wuta.

"Ka je ka faɗa. Takarda ta ƙone, sama ta karanta. Baki ba ya dawo da toka. Ka auri Rakiya. Ni yaya ne, na ba ka izini."

Ya faɗa yana murmushi. Amma na ga hannunsa na dama a kan tebur, yana buɗe shi yana rufewa, yana buɗewa yana rufewa, shi kansa bai sani ba. Duk hanyar dawowa hannun nan nake gani a gilashin mota. Mutum ne da ya shekara da shekaru yana tambayar kansa wa ya saki. Na ga cewa in na miƙe na faɗi maganar, ko bai taɓa ji ba, ni na san amsar tawa tambayar, kuma da ita zan kwana har in mutu. Wannan ba daga littafi na samo shi ba. Littattafan ma a ranar ba su taimake ni da komai ba, domin a cikinsu mutum yakan riƙe abokinsa kuma a ƙarshe a ba shi yarinyar.

Ranar Juma'a bayan la'asar na miƙe. Na yi kalmar shahada da ƙarfi. Na ce ban bauta wa tsamiya ba, ban bauta wa Kure ba, zakaran da na yanka da sunan Allah na yanka shi, kuma mun cinye shi da tuwo. Wasu suka yi murmushi. Malam ya ɗago kai yana jiran sauran. Na ce:

"Shi kuwa Lam yayana ne. Na rantse da Allah a kan haka, ba kuma zan warware ba. Ranar da ya mutu ni zan rufe shi."

Ba wanda ya yi hayaniya. Wani daga baya ya ce, to kun dai ji. Mutane suka fara neman takalmansu. Malam ya zauna yana jan carbi har masallaci ya watse, sannan ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Ka riƙe abin da kake ganin amana ce. Ni ma zan riƙe tawa."

Kashegari aka dawo mini da kaya, turamen atamfa a ɗaure, da ɗan farin kwanon a kife a sama. Malam bai daina amsa gaisuwata ba, bai kuma hana ni tabarmarsa ba har ya rasu, amma maganar Rakiya ba ta sake haɗa mu ba. Ta auri wani tela a Funtuwa, mutumin kirki, ta yi zamanta lafiya. Labarin masallaci kuma ya bi fatake ya koma 'Yankara. Da na je gida Baba Jatau yana gyaran rumbu, bai sauko ba.

"An ce ka tashi gaban Hausawa ka ce ba ka san Kure ba."

"Na gaya maka tun ranar, Baba."

"Ka gaya mani," ya ce, ya ci gaba da ɗaurin bunu. "Ni ne ban ji ba."

Bai sake kirana Nomau ba. Isiyaku yake ce mini, a hankali, kamar sunan baƙo. A shekara ɗaya na zama Bamaguje a Ƙetare, na zama Bahaushe a gidanmu. Inna ce kaɗai ba ta canza ba, duk zuwana sai ta ƙulla kuka da daddawa ta ce a kai wa ɗanta na Kano. Innarku Habi kuwa ta san duk wannan kafin ta aure ni. Da 'yan'uwanta suka tsorata ta da labarin zakara, cewa ta yi, mutumin da ya ƙi sakin ɗan ƙasar Sin, ita ce zai saka?

Da kuɗin mai ya ja baya, robobi suka kori kwanoni, kamfanin ya rufe. 'Yan ƙasarsu suka koma, Lam ya ce ba shi da wanda zai koma wa. Ya daɗe a Kano yana gyaran injin niƙa, har idonsa ya fara rauni. Wata rana ya sauka a tashar Ƙanƙara da jaka ɗaya da gwangwaninsa, ya tambayi gidan Isiyaku direba. Sauran kun sani: shagon ƙofar gida, rediyoyin unguwa da yake gyarawa kyauta, furen da yake zana muku a bayan hannu da alli. Na sha yi masa tayin Musulunci, domin ina son mu haɗu a can. Yakan saurara da ladabi ya ce:

"In na bi ka, sailo, wa zai je ya nemo ɗayan?"

Ya rasu da sanyin safiya, wuyan hannuna a cikin hannunsa, kuma ban zare ba sai da Innarku ta zo ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Maƙabartar gari ba tasa ba ce. Na ɗauke shi a mota na kai shi gefen gonar Inna, kan tudun nan, na haƙa da kaina a gindin kaɗanya. 'Ya'yan Baba Jatau suka kama mini. Na zuba sauran rawayar takardarsa a gefensa, na kife ɗan farin kwanon a wajen kansa, na danne da duwatsu. Kowace shekara lokacin sharar gona, da kuke ganin na ɗauki tsintsiya da fartanya na ce zan je gida, can nake zuwa. Ba na ƙona komai, ba na yanka komai. Ina cire ciyawa, in share, in zauna in kira sunansa da na ƙanensa, in ba shi labarinku.

Yanzu 'yan bindiga sun tashi unguwar, hanyar ba ta biyuwa, ni ma ƙafa ta ƙi. Damuna da dama sun wuce ban je ba, kuma wannan ne abin da ke hana ni sakewa, ba maganar tsohuwar biki ba. Bara wani jikan Baba Jatau da ya saci jiki ya je duba gonarsu ya biyo ta nan. Ya ce gidaje sun zube, tsamiya ta ƙone, amma kaɗanya tana tsaye. Ya ce ciyawa ta kai ƙugu a kan tudun, sai da ya sa sanda ya buɗa ya ga kwanon, yana nan a kife inda na bar shi, jan furen bai koɗe ba. Da shi za ku gane wurin, ranar da hanya ta buɗe. Ku tafi da tsintsiya. Baffanku ne.